Haya Gwargwadon Samu: Gidajen Tsofaffi da Naƙasassu a Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani irin gidan haya wanda zai ba manominmu mamaki. Mutum biyu suna zaune ƙofa da ƙofa, ɗakunansu iri ɗaya, girmansu ɗaya, amma wannan yana biyan dala 270 a wata, wancan yana biyan dala 450. Ba wanda aka cuta a cikinsu. A gidajen nan ba a duban ɗaki a yanka masa kuɗi. Abin da mai shiga ɗakin yake samu ake dubawa, a karɓi kashi 30 cikin 100.

An gina gidajen domin tsofaffi da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi. Da yawa a cikinsu ekklesiyoyi ne suka tsaya aka gina, waɗansu kuma ƙungiyoyin gama kai ne suke tafiyar da su. Tun da yake mu ma muna da tsofaffi da gwauraye da guragu da makafi a cikin ƙungiyoyinmu, ya kamata mu san yadda mutanen nan suka yi lissafinsu, da inda lissafin yake ɗingishi.

Abin da ya kawo gidajen

Zaman iyali a can ba kamar namu ba ne. Yaro ya girma sai ya kama gidansa, sau da yawa a wata jiha mai nisa. Tsoho da tsohuwa su zauna su biyu. In ɗaya ya rasu, ɗayan ya zauna shi kaɗai. Wanda yake da gidan kansa da ɗan abin ajiya, nasa da sauƙi. Amma wanda ya yi dukan kwanakinsa yana haya, ranar da ƙarfinsa ya ƙare mai gida ba ya daina zuwa.

Dokar fanshon tsufa ta ƙasar ta fito a 1935. Kowa yana karɓa gwargwadon abin da aka cire masa sa'ad da yake aiki. Manoma masu noman kansu ba su shiga ba sai 1955. Wanda bai yi aiki mai kyakkyawan albashi ba, fanshonsa kaɗan ne. Akwai kuma wani taimako dabam da suke kira SSI, wanda aka soma biya a 1974, domin tsofaffi da makafi da naƙasassu waɗanda ba su da kome. A shekarar 2024, iyakar abin da gwamnatin tarayya take ba mutum ɗaya a wannan taimako dala 943 ne a wata. A shekarar nan kuwa, matsakaicin kuɗin hayar ciki da falo a ƙasar ya kusa dala 1,400 a wata. Watau ko mutumin ya miƙa wa mai gida dukan kuɗinsa ya kwana da yunwa, bai gama biyan haya ba tukuna.

Muna roƙonku kada ku yi hanzarin juya dalolin nan zuwa naira ku ce, "Kai, ashe attajirai ne!" Sai a kasuwar da ake kashe kuɗi ake sanin ƙarfinsa. Tsohon nan ba shi da gona, ba shi da rumbu, ba jejin da zai aiki jika ya yo masa itace. Lokacin sanyi kuma, in ba a ɗumama ɗaki ba, sanyin can yana kashe mutum.

Yadda gidan yake

Yawanci babban gini ne, wani bene mai hawa da yawa, wani kuwa a ƙasa yake. An rarraba cikinsa, kowane mutum da nasa ciki da falo, da madafa, da wurin wanka da bayan gida, da ƙofarsa da mabuɗinsa. Kowa yana dafa abincinsa. Akwai babban zaure na kowa da kowa, da ɗakin wanki. In bene ne, akwai na'urar da take ɗaga mutane zuwa sama, gama tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta iya hawan matakala. A wurin wanka akan kafa ƙarfe a bango domin kamawa. A gidaje da yawa akwai igiyar ƙararrawa kusa da gado da wurin wanka, in mutum ya faɗi ya ja, a ji.

Ba asibiti ba ne, ba kuwa gidan jinya ba. Yi wa mutum wanka ko ba shi magani ba ya cikin aikin gidan. Amma a gidaje da yawa akwai ma'aikaci guda wanda aikinsa shi ne ya san halin kowa, ya haɗa shi da masu kawo abinci da motar zuwa asibiti, ya taimake shi cika takardun gwamnati. Mu malaman gona mun gane wannan aiki sarai. Ba shi ne mai taki ba, amma ya san inda ake samu.

Ga wani abu da zai ba ku dariya. A 1983 sai da majalisar ƙasa ta yi doka cewa kada a hana tsoho ko naƙasasshe ajiye kare ko kyanwa a irin gidajen nan. In kun gama dariya, ku tuna mutum ne wanda watakila zai kwana uku ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Dokokin da suka gina su

Tushen abin dokar gidaje ce ta 1959. A cikinta akwai Sashe na 202, har yau ma da wannan lamba ake kiran gidajen. Gwamnati ta ce ba ita za ta yi ginin ba. Za ta ba da rance mai sauƙin ruwa, wajen kashi 3 cikin 100, a biya cikin shekara 50, ga ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba, su gina wa masu shekara 62 zuwa sama. A 1964 aka buɗe ƙofa ga naƙasassu waɗanda shekarunsu ba su kai haka ba. A wancan lokaci hayar tana da araha, amma kuɗin ɗaki ne a tsaye, saboda haka matalauci na ainihi bai cika samun shiga ba.

Auna haya da samu ta wata hanya ya fito. A gidajen da gwamnati ta gina da kanta domin talakawa, gine-gine sun tsufa, kuɗin gyara ya hau, hukumomi suka yi ta ƙara haya. Wani ɗan majalisar dattawa daga jihar Masacusets, baƙar fata, sunansa Edward Brooke, ya kawo gyaran doka a 1969 cewa kada a karɓi fiye da kashi 25 cikin 100 na samun mai haya. A 1974 aka yi Sashe na 8, wanda ya ba gwamnati hanyar cika wa mai gida ragowar kuɗin, aka kuwa haɗa shi da gidajen tsofaffi. A 1981 aka ɗaga kashi 25 ɗin nan zuwa 30, nan ya tsaya.

A 1990 aka sake babban gyara. Maimakon rance, sai a ba ƙungiya kuɗin gini wanda ba za ta biya ba, muddin gidan ya zauna na tsofaffi matalauta har shekara 40. In ta karya alkawari, kuɗin ya zama bashi a kanta. A shekarar nan kuma aka ware wa naƙasassu nasu, watau Sashe na 811. Daga 1959 zuwa yanzu an gina wajen gidaje 400,000 a ƙarƙashin Sashe na 202, in an ƙidaya kowane ciki da falo gida guda. Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane, wadda aka kafa a 1965, ita ce take lura da su.

Lissafin

Da fari, wa ya cancanta? A jera iyalan gunduma daga mai ƙaramin samu har zuwa mai babba, a ɗauki na tsakiya. Rabin abin da na tsakiyan nan yake samu, shi ne iyaka. Wanda ya wuce nan ba zai shiga ba. Saboda haka iyakar ta bambanta daga gunduma zuwa gunduma, ta birni ta fi ta ƙauye.

Sa'an nan a zo kan haya. Ma'aji da magatakarda, ku ɗauki fensir mu bi tare.

A ce wata gwauruwa tana karɓar fansho dala 1,200 a wata. A shekara 14,400 ke nan. Ba a fara cire kashi 30 daga nan. Bisa ga ƙa'idar da aka daɗe ana bi, sai a fara rage mata dala 400 saboda tsufa ko naƙasa. Sa'an nan a duba abin da take kashewa daga aljihunta wajen magani da likita. A ce 2,000 ne a shekara. Ana ɗauka cewa kashi 3 cikin 100 na samunta, watau 432, nauyinta ne. Abin da ya haura, watau 1,568, sai a rage mata shi. Saura 12,432. A raba gida 12, ya zama 1,036 a wata. Kashi 30 na wannan dala 311 ne. Hayarta ke nan. In ita ce take biyan kuɗin lantarki da kanta, akan sake rage mata wani abu a cikin hayar domin wannan.

Wata dokar 2016, wadda ake shigar da ita sannu-sannu tun daga 2024, ta taɓa lissafin. Ta ɗaga dala 400 zuwa 525, amma ta ɗaga kashi 3 na magani zuwa kashi 10. In kun sake lissafin gwauruwar nan da sabuwar ƙa'ida za ku sami dala 333. An ba ta da hannun dama, an karɓa da hagu har da ƙari. Mai lafiya ya ɗan ci riba, mai yawan ciwo ne ya ji a jikinsa.

Maƙwabcinta makaho wanda ba shi da kome sai dala 943 na SSI, in an rage masa 400 a shekara, hayarsa ta tsaya wajen 273.

Kowace shekara sai mai haya ya zo ofis da takardun fansho, da na banki, da rasidin magani, a sake lissafi. In samunsa ya faɗi a tsakiyar shekara, yana iya zuwa a rage masa tun kafin lokaci. Abin ya yi kama da zakkar amfanin gona da muka sani: mai dami goma ba ya ba da abin da mai dami ɗari yake bayarwa, shekarar fari kuma ba a neman abin da aka bayar a shekarar albarka.

Wa yake cika giɓin?

Gini bai san talauci ba. Ko mai ɗaki yana da kuɗi ko ba shi da shi, sai an biya ruwa da wuta, da mai shara, da mai gyaran famfo, da inshora. A ce tafiyar da ɗakin gwauruwar nan yana cin dala 900 a wata. Ta ba da 311. Saura 589. Wannan ragowa gwamnati ce take biya wa ƙungiyar kowane wata, bisa ga yarjejeniya a rubuce. Haka kuma doka ta tilasta wa ƙungiyar ta riƙa zuba wani abu kowane wata a wani asusu dabam, wanda ba a taɓawa sai da izini, domin ranar da rufi zai yi yoyo ko na'urar hawa bene ta mutu.

A ganinmu nan ne ƙashin bayan abin duka. Kuɗin gini sau ɗaya ake nemansa, ana kuwa samun masu bayarwa, gama za a yi bikin buɗewa a ɗauki hoto. Kuɗin cika giɓi ba ranar gamawa, ba mai ɗaukarsa hoto. Kuma kowace shekara sai majalisar ƙasa ta sake amincewa da shi a cikin kasafi.

Ekklesiya da ƙungiyar gama kai

Tun da doka ta ce sai ƙungiyar da ba ta neman riba, ekklesiyoyi suka shiga gaba. Suna da fili, suna da amintattun mutane, sun kuma san tsofaffin unguwa. A 1961 wani fasto na Firesbiteriya, John Glenn, tare da waɗansu ekklesiyoyi na jihar Ohayo, suka sayi gidaje a garin Waverly waɗanda aka gina domin ma'aikatan wata masana'antar nukiliya, aka bar su kango. Suka mai da su mazaunin tsofaffi. Daga nan ƙungiyar National Church Residences ta taso, wadda ta kai ga riƙe gidaje fiye da 300 a jihohi fiye da 20. Lutaran da Katolika da Baptis da Metodis duka suna da nasu, Yahudawa ma haka.

Amma akwai sharaɗi. Gidan da kuɗin gwamnati ya shiga, ba a tambayar mai nema addininsa. Dokar 1968 ta hana bambanci wajen ba da haya saboda addini ko launin fata. Ekklesiya ta gina, amma dattijon ekklesiyar ba shi da ikon ya sa gwaggonsa a gaban layi, ba kuma za a tilasta wa kowa zuwa sujada ba.

Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne na wata ƙungiyar gama kai da aka kafa a 1945 a jihar Mishigan, wadda ake kira CSI. Ta buɗe gidanta na fari a garin Wyandotte a 1965, daga baya ta kai gidaje fiye da 50 a jihohi huɗu. A gidajenta tsofaffin da kansu suke mulki. Suna zaɓen shugaba da ma'aji da magatakarda, kowane hawa na bene yana da wakilinsa a majalisar gida. Su ne suke duba kasafin shekara, su zauna a teburin karɓar baƙi, su nuna wa sabon mai nema ɗaki, su lura da lambu. Ma'aikatan ƙungiya suna ba da shawara, suna riƙe da takardun gwamnati. Amfanin biyu ne. Aikin da 'yan ƙungiya suka yi kyauta yana rage kuɗin tafiyar da gida. Kuma tsohon da yake da taron kwamiti da ƙarfe goma yana da dalilin tashi ya yi wanka ya sa riga.

Na ƙauye

Kada ku ce abin na birni ne kaɗai. A 1962 aka yi Sashe na 515, aka ba Ma'aikatar Aikin Gona, ta hannun hukumar da take ba manoma rance. Da fari domin tsofaffin ƙauye aka yi shi, daga baya aka buɗe wa sauran talakawa. Rance ne wanda ruwansa yake sauka har zuwa kashi 1 cikin 100. Gidajen ƙanana ne, wajen ƙofa 30 a wuri guda, a ƙananan garuruwan manoma. Fiye da rabin masu zama a ciki tsofaffi ne ko naƙasassu, yawancinsu kuma kashi 30 suke biya, Ma'aikatar ta cika sauran.

An gina fiye da 500,000, amma adadin ya sauko zuwa wajen 400,000, tun bayan 2011 kuwa aka daina ba da rancen sabon gini. Ga inda gizo yake saƙar. An ɗaure taimakon haya da rancen. Ranar da mai ginin ya gama biyan bashinsa, taimakon ya ƙare, yana da iko ya sa hayar kasuwa. Rancen da aka ci a shekarun 1970 da 1980 suna ta cika wa'adi. Ranar da ya kamata a yi murna an fita bashi, ita ce ranar da tsohuwa take fargabar takardar ƙarin haya, a garin da watakila ba wani gidan haya sai wannan. A 2024 majalisa ta yarda a gwada raba taimakon da rancen a waɗansu gidaje.

Naƙasassu

Nasu labari ya ɗan bambanta. Shekaru da yawa, masu taɓin hankali da masu naƙasa mai tsanani a manyan gidajen gwamnati ake tara su, nesa da gari. Waɗansu mata biyu a jihar Jojiya, waɗanda likitoci suka ce sun isa zama cikin jama'a amma aka ci gaba da riƙe su a asibiti, suka kai ƙara. A 1999 Kotun Ƙoli ta ce ware naƙasasshe ba tare da dalili ba nuna bambanci ne. Iyayenmu da suka san zangon masu ciwon kuturta a Garkida da Mangu za su gane maganar. An sami magani da kulawa a wurin, amma da wuya wanda ya daɗe a can ya koma garinsu ya zauna kamar kowa.

Saboda haka dokar 2010 ta buɗe sabuwar hanya a Sashe na 811. Maimakon a gina gida na naƙasassu zalla, sai a kama 'yan ɗakuna a cikin gidan haya na kowa da kowa, kada su wuce kashi 25 cikin 100 na ginin, gwamnati ta cika hayarsu. Gurgu ya zama maƙwabcin direba da malamin makaranta.

Haɗa tsofaffi da matasa naƙasassu a gini ɗaya bai tafi lami lafiya ba. Tsohuwa mai shekara 80 tana so ta kwanta da ƙarfe takwas, saurayi mai shekara 30 yana da abokai da rediyo. Ƙorafi ya yi yawa, har a 1992 aka yarda waɗansu gidaje su zama na tsofaffi kaɗai. Tsofaffi suka huta, ƙofofin matasa naƙasassu suka ragu.

Akwai kuma wani lahani a cikin lissafin kansa. In naƙasasshe ya sami ɗan aiki, kowace dala 10 da samunsa ya ƙaru, 3 ta tafi haya. Taimakon SSI kuma yana raguwa da dala 1 a kan kowace dala 2 ta albashi, bayan 'yar kaɗan ta farko da ake yafewa. Mutum ya duba ya ga wahalar ta fi ladan. Wannan bai gamshe mu ba, gama mun san aiki ba domin kuɗi kaɗai ake yinsa ba.

Layi

Babbar matsalar ita ce gidajen ba su isa ba. A cikin iyalai huɗu da suka cancanci taimakon haya a Amurka, wajen ɗaya ne kaɗai yake samu. Ba hakki ba ne kamar fansho, wanda duk wanda ya cika sharaɗi zai karɓa. Sai ɗaki ya faɗi, ɗaki kuwa ba ya faɗuwa sai wani ya rasu ko an kai shi gidan jinya. Mutane suna jira shekara biyu, uku, har fiye a manyan birane, waɗansu gidaje ma sukan rufe littafin rajista. Mai shekara 75 da aka ce masa ya dawo bayan shekara uku, kun san abin da aka faɗa masa. Duk da haka daga 2012 aka yi shekaru ba a ware kuɗin sabon gini na Sashe na 202 ba. A 2018 an ware dala miliyan 105.

Masu 'yan'uwa a can su lura da wani abu. Yawancin gidaje masu araha da aka gina tun daga 1986 ta wata hanya aka gina su, inda gwamnati take rage wa masu zuba jari haraji. A waɗannan ma sai mai ƙaramin samu yake shiga, amma hayar a tsaye take, an yanka ta bisa ga samun gunduma. In kuɗinka ya ragu, ita ba ta raguwa. Sunayen sun yi kama, saboda haka mai nema ya tambaya a fili: kashi 30 na samuna zan biya, ko kuɗin ɗaki ne a tsaye?

Mu fa?

Ba mu ce a kwaso bene daga Ohayo a dasa a ƙauyenmu ba. Yawancin tsofaffinmu suna cikin 'ya'ya da jikoki, abin da kuɗin gwamnatin Amurka bai iya saya wa nata ba. Amma kowannenmu ya san waɗanda suka faɗo ta tsakiya. Ga mai bishara wanda ya yi shekara 35 a gidan ekklesiya, ranar sallama ya fita da akwati ba shi da inda zai ajiye. Ga gwauruwar da 'yan'uwan miji suka karɓe gida. Ga waɗanda tashin hankali ya kore su daga ƙauye suka shiga gari, inda mai gida yake neman kuɗin shekara guda ko biyu gaba ɗaya, ba ruwansa da abin da ke aljihunka.

In wata ƙungiya tana tunanin gina ɗaki huɗu ko shida kusa da majami'a da ɗakin shan magani, ga abin da za mu ce. Kashi 30 ba zai yi mana ba yadda yake. Na can kuɗi suke karɓa kowane wata. Tsohuwarmu sau ɗaya take ganin samu, da kaka, kuma hatsin nan shi ne tuwonta. Ku yi yadda suka yi da kuɗin magani: a fara fitar mata da abincin shekara da iri, sa'an nan a yi magana a kan abin da ya rage. Wadda ba ta da ragowa, ba ta da abin biya.

Sanin samun mutum ma aiki ne. A can takardar banki ce take magana. A nan, tambayar mutum awakinsa nawa yana iya kawo faɗa. Gara a sa dattawa biyu da mace guda daga zumuntar mata su yi wannan a asirce, su kawo wa kwamiti adadi kawai.

Giɓin kuwa ba gwamnatin da za ta cika mana. Kafin a buga bulo na fari, a faɗi sunan abin da zai cika shi, ko gonar gayya ce, ko wani kashi na ribar injin niƙa, a rubuta a littafin taro. A cikinsa a ware na gyara dabam, gama gara da iskar farkon damina ba su jiran taron shekara. A kuma rubuta ƙa'idar layi tun ba a san wanda zai nema ba. Bayan an ga fuskoki ba a iya rubuta ta.

Abu ɗaya kuwa ba ya cin kuɗi in an yi shi tun wajen aza harsashi. A Amurka, manyan gidajen haya da aka soma shiga bayan Maris 1991, doka ta ce faɗin ƙofa ya kai inci 32, watau wajen santimita 81, domin keken guragu ya wuce. Mu ma muna da doka. Wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019 ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a domin naƙasassu, wa'adin ya cika a Janairu 2024. Ku gaya wa magini ya bar dakali mai tsawo a bakin ƙofa, ya yi gangara. Awon da suke bi a can shi ne, kowane inci ɗaya na tudu a ba shi inci 12 na tsawon gangara. In daɓen ɗaki ya fi ƙasa da inci 6, gangarar ta zama ƙafa 6, a kuma bar samanta da kaushi saboda santsin damina.